Rufin Makarantar 'Yar Baba

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yaran duka. Yaya ciwon bayan nan naki, ya lafa? Mu nan lafiya lau. Inna ta samu sauƙin tarin, har ta koma yi mana faɗa, kin ga kuwa lafiya ta samu.

Dalilin wannan wasiƙa shi ne in ba ki labarin aikin da na ɗauko. Kin san makarantar kurame da 'yata 'Yar Baba take zuwa. Iskar ruwan farko ta yaye rufin azuzuwa huɗu, yanzu yaran a baranda suke karatu, in hadari ya taso a sallame su. Na kwana biyu abin yana cina, sai wata dabara ta zo mini ina tsakiyar kwance injin wani babur. Na ce me zai hana mu haɗa babura goma sha biyu, mu yi tafiyar kilomita dubu cikin kwana biyar, kowane mai shago ya yi alkawarin abin da zai bayar a kan kowace kilomita?

Wata biyu ke nan ina bin shaguna ɗaya bayan ɗaya. Na samo takardar izini daga jami'an hanya bayan sun sa na yi sawu bakwai. Mai gidan man da ke kusa da garejina ya ɗauki nauyin fetur. Hanyar ma ni na zana ta a bayan tsohuwar kalanda, na liƙa a bangon gareji.

Sai dai an samu cikas. Likitan ido ya ce yanar ido ta fara rufe mini idon hagu, ya hana ni doguwar tafiya a kan babur. Don haka na ce Autanmu ya ja ayarin, ni in bi su a motar rakiya da kayan gyara. Da bakina na faɗa, kuma har zuciyata. Wa nake da shi da ya fi shi?

Ki sa mu a addu'a. A gaida mutanen gida.

Ƙaninki,
Na Tsakiya

*

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na samu amsarki kuma na gode da gudunmawar da kika aiko. Kin ce kin ji Auta a rediyo kin yi ta murna. To, ni ma na ji shi.

Ina ƙarƙashin fitilar gareji ina ɗaure birki aka sako shirin. Mai gabatarwa ta kira shi matashin da ya ƙirƙiro tafiyar. Na ajiye sifana na kasa kunne, ina jiran ya gyara mata. Ya yi dariyar nan tasa ya ce ai aikin na mutane da yawa ne. Mutane da yawa, Yaya! Ni ne mutane da yawa. Abokan aikina suka dinga tafi suna cewa ƙanina ya iya magana, ni kuma ina washe baki kamar wanda aka ɗauka hoto ba shiri.

Yanzu an buga riguna, hotonsa ne a gaba da hular kwano a hammata. Masu shagon da na sha rana a ƙofarsu, in na je sai su ce, ina mai tafiyar? Jiya Inna ta ce in dinga barinsa yana hutawa, wai ya rame. Ni da na huda sabon rami a bel ɗina ba wanda ya lura.

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mini a wuya daban ne, kuma ke kaɗai zan iya faɗa wa. Tun da Auta ya fara zuwa makarantar saboda shirin tafiyar, ya koyi maganar hannu. Wata biyu kacal. Ni shekara tara ina tare da yarinyar nan, abin da na iya bai wuce ci, sha, zo, kwanta, bari ba. Ranar Asabar na dawo na same su a tsakar gida, hannuwansu na ta kaɗawa, tana dariya har da riƙe ciki. Ban taɓa sanin 'yata tana ba da labari ba. Na tambaye shi me take cewa, ya ce wai malaminsu ne ya zauna a kan kujera mai ƙafa uku. Na yi dariya a makare, ita kuwa ko kallona ba ta yi ba.

Na san abin kunya ne babba ya ji haushin ƙaninsa. Ni na goya shi, ni na koya masa hawa babur, ina gudu a bayansa riƙe da ƙarfen bayan babur ɗin. Bai yi mini laifin komai ba, shi ya sa abin ya fi ciwo. Da ya yi mini rashin kunya ma da na samu inda zan sauke.

Jibi za mu tashi. Kada ki nuna wa kowa wannan takarda.

Ƙaninki,
Na Tsakiya

*

Zuwa ga Yayata,

Ina gaishe ki, ina fatan kowa lafiya. Mun dawo, ba wanda ya ji ko ƙwarzane, mun gode Allah. Amma ni ban dawo da kwanciyar hankali ba, kuma gara ki ji daga bakina.

Kwana biyun farko sun tafi daidai. Duk garin da muka shiga, yara da manya sun cika bakin titi suna ɗaga hannu. Babura su wuce a jere, Auta a gaba, sai can daga baya motata ta biyo cike da tayoyi da jarkoki, lokacin kowa ya juya ya kama gabansa. Ni ne mai faci, ni ne mai ɗaure sarƙa, ni ne na ƙarshen cin abinci.

A rana ta uku akwai wani babban gari da ƙungiyar 'yan kasuwarsa ta shirya mana tarba da azahar. Su ne suka yi alkawari mafi tsoka, da sharaɗin za su miƙa a bainar jama'a, gaban masu ɗaukar hoton talabijin, kafin shugabansu ya kama hanyar wata tafiya da la'asar. Saura kamar kilomita arba'in babur ɗin Auta ya fara tari ya mutu.

Yaya, ina ɗora hannu na gane matsalar. Datti ne ya toshe hanyar mai, aikin minti goma. Amma da na ɗaga kai na gan shi tsaye yana gyara wuyan rigar nan mai hotonsa, sai wani abu ya shiga raina. Na kwance fulogi na duba. Na kwance abin da lafiyarsa ƙalau na shimfiɗa a kan buhu. Na ce wa kaina bari masu talabijin su gaji su tafi, shi ke nan, ba abin da zai ragu. Sauran mahayan suka ce ba za su shiga gari babu jagora ba, suka zauna a gindin bishiya.

An fi awa biyu. Can Auta ya tsuguna kusa da ni, ya rage murya yadda ba mai ji, ya ce, “Yaya, tun ina ɗan shekara goma nake miƙo maka sifana. Na san inda ciwon yake. In ka gama hucewa ka busa mana bututun mu tafi.”

Na busa bututun, babur ya tashi bugu ɗaya.

Da muka isa, an naɗe rumfa ana loda kujeru. Shugaban ya tafi cikin fushi da kuɗin alkawarinsu, ya ce an mayar da su yara. Ba masu talabijin kaɗai na kora ba. Auta ya tsaya gaban waɗanda suka rage ya ba da haƙuri, ya ce laifinsa ne da bai kula da babur ɗinsa ba. Har muka dawo gida bai canza mini fuska ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ki yi mini faɗan da kika ga dama, na cancanta.

Ƙaninki,
Na Tsakiya

*

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarki ta iso, na karanta ta sau uku, kuma ba inda kika yi ƙarya. Na bi shawararki na sami Auta a ɗakinsa na roƙe shi gafara. Ya ce ya wuce. Ya kuma faɗa mini abin da ban sani ba, wai ya ambaci sunana a rediyo har sau biyu, su suka yanke don lokaci. Na yarda da shi. Abin mamaki, ban ji daɗin da na zata zan ji ba.

Abin da aka tara ya rufe azuzuwa uku. Na huɗun ya tsaya haka, katako tsirara yana kallon sama. Na je na tsaya a ƙofarsa na ga ruwa kwance inda benci ya kamata ya kasance, na san wannan ajin ni na yaye shi, ba iska ba. Na kira shugaban 'yan kasuwar nan sau huɗu, bai ɗauka ba.

Makon jiya na sayar da injin waldata. Kin san rabin cinikin garejin daga gare shi yake, uwar yara, da ba ta san dalili ba, ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Na ba kafinta kuɗin a ɓoye, na sa ya rantse ba zai faɗa ba. Shekaranjiya aka buga kwanon ƙarshe.

Jiya aka yi taron buɗewa. Shugabar makaranta ta ce wani bawan Allah da bai so a san shi ba ne ya cike giɓin. Nan take duk kawuna suka juya wajen Auta. Yana ta girgiza kai yana cewa ba shi ba ne, su kuwa suna ƙara tafi, wai dubi tawali'u. Inna har da hawaye. 'Yar Baba ta ruga ta rungume shi. Ni ina layi na uku da baƙin mai a farce, na tafa tare da kowa.

Na yi niyyar in bar abin tsakanina da Allah, kuma na yi kwana ɗaya cur ina riƙe da niyyar. Yau da safe na kasa. Shi ya sa na ɗauki biro. Kada ki faɗa wa Inna, kada ki faɗa wa Auta. Ina so ne kawai a ce a duniyar nan, ban da kafinta, akwai mutum ɗaya nawa da ya san ni ne. Kin ga dai ƙaninki bai gama warkewa ba.

A gaida maigida da yara.

Ƙaninki,
Na Tsakiya