Shekarar da Baƙin Tsuntsu Ya Makara

Litinin, 4 ga Maris

Bana zaɓina ne. Tun aurenmu haka muke, shekara ɗaya Sixten ya zaɓi inda za mu yi hutun bazara, shekara ɗaya ni. Na ce dajin Poland, mu ga ɓauna. Shekara shida ina son ganinta da idona. Jagoran dajin ya ce in ba shi amsa kafin sha biyar ga wata, in ba haka ba ya ba wasu gurbin.

Sixten ya ajiye kofinsa ya ce, "Ko mu koma tafkin Hornborga?"

Gauraki kuma! Sau tara muna zuwa. Tsuntsu dubu goma suna ihu a cikin taɓo, mu kuma muna bayan shinge hanci na zuba.

Laraba, 6 ga Maris

Ya manna hoton gauraka a jikin firij. Na cire. Ya mayar.

Alhamis, 7 ga Maris

Miyar wake da fanke. Na karanta masa takardar jagoran: ana shiga dajin a ƙafa, ba magana, ba tari, sai raɗa. Ya ce, "To me za a ji a can?"

Na ce ba ji za mu je yi ba, gani za mu je yi. Ya ce ɓauna ai saniya ce da ta ƙi aski. Ban yi dariya ba. To, na ɗan yi, amma a kicin.

Haushina ɗaya, mutumin nan bai taɓa karya ƙa'idar ba. Shekarar da na kai mu tsibirin nan da ruwa ya yi mana kwana shida bai ce uffan ba. Me ya shiga kansa bana?

Asabar, 9 ga Maris

Na kira Majken. Ƙanwarsa ce, na san inda za ta faɗi. "Haba Gunvor, ki bar tsohon ya ga tsuntsayensa mana." Na ce ya gan su, sun gan shi, har sun gaji da juna.

Ga talabijin da yake ƙure wa murya kwanan nan. Da gangan yake yi, na rantse.

Lahadi, 10 ga Maris

Sau uku na kira shi cin abinci daga bakin matakala. Wai bai ji ba. Gaba ce, ba wani abu ba.

Talata, 12 ga Maris

Da safe yana tsaye a taga da littafinsa. Shekara talatin da ɗaya yana rubuta ranar da ya fara jin kukan kowane tsuntsu in sanyi ya tafi, kamar yadda babansa ya yi. Gani ba ya shiga littafin, sai ji. Ya ce, "Baƙin tsuntsun nan ya makara bana."

Na buɗe baki in ce wane irin makara, tun ran Litinin ɗin makon jiya yake damuna a kan rufin gareji. A lokacin ma kukan yake yi, har cikin kicin.

Na rufe bakina. Da ya fita na duba littafin. Shafin bana fari fat. Na bara layi huɗu ne kawai, duk manyan tsuntsaye. Na ƙarshe gauraka.

Laraba, 13 ga Maris

Ban yi aikin kirki a kantin magani ba yau. Ni da nake sayar wa tsofaffi batirin na'urar kunne kullum!

Alhamis, 14 ga Maris

Na tambaye shi maganar kunnensa, gaba da gaba, da ƙarfi. Na ɗauka zai musa.

Ya ce, "Na sani, Gunvor. Bakin tsuntsun kawai nake gani yana motsi." Wai jira yake ko wata safiya kunnen zai buɗe. Sai ya ce, "Gauraki kam bara na ji su. Ban san baɗi ba."

Na yi masa faɗa sosai. Shekara biyu yana ɓoye min, ya bar ni ina zaginsa a zuci a kan talabijin. Na ce ran Litinin za mu asibiti ko yana so ko ba ya so. Ya ce to. Tsoro ne ya kama ni, shi ya sa na yi ta faɗan.

Juma'a, 15 ga Maris

Na rubuta wa jagoran na ce mun fasa. Ɓauna ba inda za ta je. Na gaya wa Sixten baɗi ma zaɓina ne, har da baɗi waccan, kada ya ɗauka sadaka na yi.

Talata, 2 ga Afrilu

Hornborga. Sanyi, taɓo, kofi ya huce a fulas. Ihun gaurakin ya fi na kullum, kaina har yanzu yana sarawa. Ya cire hula don kada ta rufe masa kunne, ya yi ta ƙwala min, "Kina ji? Kina ji?" kamar ni ce kurmar. Mutane suna ta waigowa. Na bar shi.

A mota ya rubuta gaurakansa, ya miƙo min littafin in riƙe. Na ga sarari a saman shafin, na sa: baƙin tsuntsu, 4 ga Maris. Ya daɗe yana kallon rubutuna.

Ya ce, "Wa ya ji?"

Na ce mu. Ja mota, ƙafata ta daskare.