Sarki Biyu a Hannuna

Zahle, ranar Talata

Zuwa ga 'yata abar ƙaunata, Widad,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki Nadim da yara, Ya tsare ku a can Sao Paulo, Ya sa wa kantinku albarka. Ni dai jiki da sauƙi. Gwiwar hagu tana nan da halinta, hannu kuma yana rawa, za ki gani a rubutun. Inabin da mahaifiyarki ta dasa ya yi 'ya'ya bana har ya sunkuya, amma tun rasuwarta tsuntsaye ne ke cin rabinsa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, wata sista daga gidan tsofaffi ta zo jiya, ta ce kun yi magana, an ware mini gado. Na ba ta kofi, na cika mata leda da inabi, na sallame ta. Ba zan tafi ba, 'yata. Na san Nadim ne ya gaya miki hankalina ya fara gushewa, domin ya ga na zubar da as biyu a wasan kartar nan na foka, alhali babu hannun da ya fi wannan ƙarfi. Bai yi ƙarya ba, amma ki saurari yadda abin ya faru.

Kin san teburinmu na Lahadi da la'asar, wanda muke yi ta kwamfutar hannun da kika aiko mini. Ba kuɗi muke sawa ba, ƙwayoyin wasa ne kawai na cikin na'ura. Ni, da Abu Ramiz daga Montreal, da Butrus kurma daga Detroit, mu ne ragowar 'yan shagon gahawar bakin kogi, sai mijinki da ya shigo ya cika kujera. Muna jin muryar juna muna wasa. Duk mako, a wannan lokacin kaɗai ake dariya a gidan nan. Sistar kuwa ta gaya mini a wurinsu ba a barin karta.

A gahawarmu, tun ina saurayi, mai babbar karta ba ya gaggawa. Sai ya yi tsaki, ya ja carbi, ya koka da ciwon baya, ya sa a kawo masa kofi, har sai abokansa sun saki jiki. To, rannan da na ga as biyu, jikina bai yi shawara da ni ba. Na yi tsaki, na miƙe na je na ɗora kofi a wuta. Ashe na'ura ba ta san ladabi ba. Ta jira ni kaɗan, ta ɗauka na gudu, ta zubar mini da karta. Da na dawo na yi ihu cewa as biyuna sun tafi, Abu Ramiz ya yi dariya har ya sarƙe. Ya kira ni tsohon makiri, ya ce shi tun da ya ji ƙarar cokali ya san akwai bala'i a hannuna. Butrus ya yi ta tambaya wa ya mutu. Nadim kaɗai ne bai ɗauki abin da wasa ba. Shi a Brazil ya tashi, bai taɓa zaman gahawa ba. Abin da ya gani shi ne tsoho ya manta yana wasa ya tafi kicin.

Mako guda na yi ina gyara. Na jingina kwamfutar da tulin littattafai don kada rawar hannu ta kai yatsana inda ban nufa ba. Na dafa kofina tun kafin a raba karta. Shekaranjiya Lahadi, ana cikin wasa sai ga sarki biyu, masu bin as a ƙarfi. Wallahi tsakin ya zo har bakina, na haɗiye shi. Na riƙe hannun dama da na hagu, na tura ƙwayoyina duka a take. Abu Ramiz ya ce ai Tanios da ya sani, wato ni, ba ya sauri sai in hannunsa fanko ne, wai tsufa ya sa na koma barazana kamar ɗan tasi. Ya biyo ni da goma da tara. Aka buɗe, na kwashe shi tas. Ya zage ni, ya zagi wanda ya ƙera na'urar, ya ce yau ba zai ci abinci ba. Nadim bai hau ranar ba, ya ce akwai baƙi a kanti. Ki gaya masa ya tambayi Abu Ramiz, idan ya huce.

Ba na musun cewa jiki ya yi rauni. Na yarda maƙwabciyarmu Umm Jamil ta riƙa leƙo ni kowace safiya, na ba ta makulli, na kuma daina hawa soro. Wannan na yi miki. Amma kai yana nan daram. Mutumin da hankalinsa ya tafi ba ya sauya ɗabi'ar da ya tsufa da ita cikin mako guda, har ya yaudari wanda ya san shi tun suna yara. Ki kira sistar ki ce ta ba wani gadon, akwai masu buƙata. Ranar da na ga sarki biyu ban gane su ba, ni da kaina zan haɗa jakata, ba sai kin aiko kowa ba.

Ki gaida Nadim, ki ce ban riƙe shi a zuciya ba, kuma kujerarsa tana nan, ya zo da ƙwayoyi masu yawa. Ki sumbatar mini Rima da ƙaramin Tanios. Ki gaida gwaggonki Salma idan kin je wurinta. Umm Jamil tana gaishe ki. Allah Ya yi muku albarka, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne mahaifinki mai ƙaunarki,
Tanios