Ciwon Daji Gare Ni, Ba Sida Ba

Zuwa ga Mai Girma Babban Likita, shugaban gidajen likita na ƙasar Buza.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina yi maka barka da aiki, ina gaida iyali da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Allah shi ƙara girma.

Sunana Habsu, mai kitso, matar Idi da ke biɗar kuɗi a Abijan. Sunan ƙauyenmu da na ma'aikacin da nike kuka da shi suna cikin takardar da na aike ofishinka, a nan ba ni faɗin su. Karatun manya na yi a rumfar yaƙi da jahilci, don haka ka yi haƙuri da rubutuna. Na roƙi a buga wagga takarda a jaridar karkara don a karanta ma waɗanda ba su iya ba. Na san mace ba ta faɗin ciwon da ke wanga wuri ko ga uwarta. Amma abin da nike ɓoyo an riga an faɗe shi gaban matan gari, kuma an faɗe shi ba daidai ba.

Na farko. Bayan babban farin nan da ya kashe muna bisashe, ƙaiƙayi ya kama ni a gabana. Na yi ta wanki da ruwan bagaruwa, bai bari ba. Daga baya wani ƙurji ya fito kamar ƙwayar wake, ya taurare, ya fashe. Kitso aikin zama ne, Likita. Mace na aza kanta bisa cinyarki tun hantsi har azahar, ni kuwa zaman ya zame mini kamar bisa garwashi. Na cire kunya na tafi gidan likitar ƙauyenmu wurin babban ma'aikacin wurin, wanda muke kira da sunan muƙaminshi, Manjo. Ta taga na gaya mishi ciwon mata ke damuna. Ya ba ni wani gari mai launin shuni in jiƙa in zauna ciki, ya yi mini allura, ya ce ciwon sanyi ne, in mijina ya komo mu zo tare. Na koma da rani, na koma da damina, na sake komawa da kaka, kullum garin nan da allurar nan. Ba a taɓa duba wurin ba ko sau ɗaya. Ɗakin dubawa ba shi da ko labule, kuma babu mace ɗaya cikin ma'aikatan da zan buɗe ma jikina.

Na biyu. Da jini ya fara zuba, yayana Mamman ya aza ni motar albasa ya kai ni wani babban asibiti. Likitar mace ce, tana jin Hausa. Ta duba ni, ta yanki ɗan nama ta aike da shi nesa, ta ce in komo. Ranar da na komo ta rufe ƙofa, ta jawo kujera kusa da ni. Ta ce ciwon daji ne, wanda su suke kira kansa, kuma ya riga ya kai ga kaluluwar cinyata. Ta ce, "Da kin zo tun yana ƙurji, da aikin ƙarami ne." Na ce mata na zo, ba dai wurinta ba.

Na tambaye ta ina na samo shi. Ta ce masana suna ganin wata ƙwayar cuta da ido bai gani, birus, tana da hannu a ciki. Ta ce ƙwayar tana zaune jikin mutane da yawa, maza da mata, ba su ma sani ba, har matar da ba ta san kowa ba sai mijinta tana iya samun ta. Ta ce ba Sida ba ce, wato ƙanjamau, ba su da dangantaka, kuma ba a ɗaukar ciwona ta hannu, ko ta ƙwarya, ko ta wurin zama. Sai na tambaye ta ko zan warke. Ta riƙe hannuna ta daɗe, sannan ta ce a Yamai za a yi aikin, za a cire wurin baki ɗaya, sauran kuma na Allah ne. Ni ba yarinya ba ce, na gane abin da ba ta faɗa ba. Na komo gida kwance bisa buhunna ta gefe ɗaya, Mamman na yi mini magana, ban ji ko ɗaya ba.

Na uku, kuma shi ne asalin kukana. Likitar ta ba ni takarda in kai ma Manjo don ya riƙa wanke mini gyambon, ya kuma shirya takardun da za a kai ni Yamai. Na taras ranar awon jarirai ce, rumfa cike da mata. Na zauna bisa dogon katakon da marasa lafiya ke zama, na miƙa mishi. Ya karanta, ya ja da baya, ya kira mataimakinshi da ƙarfi yana Faransanci. Kalma ɗaya kowa ya ji, birus. Sannan ya ce mini da Hausa, "Tashi ki fita, ki jira gindin icce." Ina tsaye ina kallo ya sa anka zuba jabel, ruwan kashe ƙwayoyin cuta, anka wanke wurin da na zauna, anka sake wankewa.

Likita, ka san abin da rediyo ke faɗi kullum yanzu: sabon ciwo ya shigo, Sida, birus ke kawo shi, masu zuwa kurmi, su Abijan, ke ɗauko shi, ba shi da magani. Mijina yana kurmi. Matan da ke rumfar ba su buƙaci a ƙara musu komi ba. Kafin in kai gida labari ya riga ni.

Na huɗu, ga abin da ya biyo baya. Jajibirin sallar da ta wuce, lokacin da mata ke layi ƙofar ɗakina, ko kai ɗaya ban taɓa ba. Rabi maƙwabciyata, wadda nike ma kitso tun tana amarya, ta tsaya bayan darni ta ce in yafe mata, mijinta ya hana. A rijiya ba a bari in kama guga. In aje tuluna in ja baya, wata ta zuba mini daga nesa.

Ɗiyata Zainabu ta zo gida wankan jego da ɗanta na fari. Ni na tara iccen, ni nike dafa ruwan, ko da ba ni iya duƙawa sosai. Uwar mijinta ta zo da amalanke ta ce sun fasa, can za a ƙare wankan. Zainabu na kuka, ni na ce mata ta tafi, don ban so aurenta ya mutu saboda ni. Da za su fita ta tsaya bakin ƙofa ta ɗaga zane ta gwada mini fuskar yaron. Ban ƙara ganin shi ba.

Labarin ya kai Abijan. Wani ɗan garinmu da ya komo ya kawo mini saƙon Idi: wai in yi haƙuri, in koma gidanmu tukuna har ya ga yadda ake ciki. Tun ina yarinya nike gidan mutumen nan, ban san namiji ba sai shi. Ban sani ba ko zargina yake, ko kanshi yake ji ma tsoro. Yanzu ina ɗakin da uwarmu ta bari, gidan Mamman.

Ba ni iya zama, ba ni iya tafiya mai nisa. A kwance nike salla, alwala ba ta tsaya mini. Mamman ya tambayar mini liman, ya ce sallata ta yi, wannan kaɗai ya sanyaya mini rai. Da kaina nike wanke gyambon da ruwan gishiri, don Manjo ya ce ba shi da safar hannu. Ina jin warin jikina, ina turara ɗaki don kada matar Mamman ta ji. Ciwon daji na karɓe shi, Allah ya aiko. Wanda na kasa ɗauka shi ne wanda ba ni da shi anka laƙa mini.

Ga roƙona, Mai Girma.

Ka zo da kanka, ko ka aiko wanda za a yarda da maganarshi, ranar kasuwarmu. A tara maigari da liman da mata, a faɗa da Hausa cewa ciwon daji gare ni, ba Sida ba, kuma ba a ɗaukar shi ta hannu. Ni na faɗa har na gaji. Mai farar riga ya ɓata ni, mai farar riga kaɗai za a ji.

Takardun tafiyata Yamai har yau suna wurin Manjo. Duk sadda Mamman ya je sai a ce ya komo. Kumburin cinyata kuwa ƙaruwa yake, ƙafar ta fara nauyi. Ka sa a sake su tun ina iya hawa mota.

A sa labule a ɗakin dubawa, a kawo mace ko da sau ɗaya a wata. Na san mata a ƙauyen nan da ke ƙaiƙayi irin nawa, sun gaya mini lokacin da kansu ke bisa cinyata. Tun da sunka ga abin da anka yi mini, babu wadda za ta ƙara zuwa.

Ban ce a kori Manjo ba. Yana da iyali, kuma na ga tsoro a idonshi ranar nan. A koya mishi abin da bai sani ba.

Na ƙarshe shi ne ya fi yi mini nauyin rubutawa. Inna Tsahara, tsohuwar da ke wankan gawar mata a ƙauyenmu, ta aiko ta gaya ma Mamman, ba da faɗa ba, cewa in ta Allah ta kasance kada a kira ta, ɗiyanta sun hana ta. Babu wata da ta ce za ta yi. Ban sani ba ko zan komo daga Yamai, ban ma sani ba ko zan kai. In ba ka samu damar yi mini sauran ba, don Allah ka yi mini wannan: a gaya ma tsohuwar nan hannunta ba zai ɗauki komi ba. Ina so a wanke ni kamar kowace musulma.

Allah shi tsare ka da iyalinka daga ciwon da ba a iya faɗi. Allah shi ba ka ikon yin adalci, shi sa ka gama aikinka lafiya.

Wassalam.

Habsu mai kitso, ƙasar Buza.