Hedifon Biyu a Ɗakin Jinya

Zuwa ga ɗana,

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, ina sanar da kai cewa saƙonka ya iso: hedifon guda biyu, abin sauraro da ake ɗorawa a kunne, domin mahaifinka, da bayanin cewa mu gwada, mu riƙe ɗaya, mu mayar da ɗaya shagon da kake aiki.

Jikin ƙanen nawa yana nan yadda ka bar shi. Tun da ɓarin damansa ya shanye magana ba ta dawo ba, in ban da "Yaya" idan yana nemana, da "ƙara" idan yana son a ɗaga masa sauti. Gadonsa na jikin bango, dardumata na gindin taga, a nan nake wuni da littattafaina. Ni ma gwiwoyina sun ƙi, idan na zauna ƙasa, tashi sai da sanda da lallashi.

Ka san matsayina a kan kiɗa. Tun yana gyaran rediyo nake yi masa nasiha, yana ce mini, "Yaya, aiki nake gwadawa," alhali rediyon ya gyaru tun da safe. Na gaji da nasihar, shi bai gaji da kiɗan ba. Yanzu likita ta ce yana kwantar masa da hankali, kuma na ga haka da idona, saboda haka na karɓe shi a matsayin magani, ban ƙara komai ba.

Na yi gwajin da ka nema. Na sa karatun Alƙur'ani a kowanne. Rufaffen nan mai nauyi, kamar mai karatun yana cikin kanka. Ɗayan mai raga a bayansa, kamar yana zaune a ɗakin. Haruffa sun fita daga mafitarsu a duka biyun, ban ga aibi ba. Innarka ta shigo da ruwan magani ta same ni a haka, ta ce, "Malam, an ba ka takalmin gudu ka gwada, ka je ka yi zaman tahiya da shi." Wataƙila gaskiyarta. Ka yi mini bayanin abin da ake dubawa.

Allah ya yi maka albarka. Wassalam.

Baffanka.

*

Baffa Malam,

Ina gaisuwa da ladabi. Yaya jikin Baba, yaya gwiwa? A gaida Inna, a ce mata na yi dariya har mai shagonmu ya leƙo ya tambaya ko lafiya.

Baffa, ba sai kai ka saurara ba. A wayar Baba na ware waƙoƙinsa kashi huɗu. Akwai fok, wato murya ɗaya da jita ɗaya. Akwai bulus, masu kama da kuka. Akwai kantiri, waɗanda yake cewa na makiyaya ne. Sai rok, mai ganguna da jitar lantarki, wanda ka taɓa cire wa shagon Baba fis ɗin wuta saboda shi. Inna ta san yadda ake kunnawa. Kai dai ka dubi yatsansa manuni na hagu, shi zai gaya maka.

Amma ni na riga na zaɓa. A riƙe rufaffen. Gangarsa ta fi kauri, rok a cikinsa kamar mutum yana gaban makaɗan. Mai ragar ya fi fili, jita da murya sun fi daɗi a cikinsa, sai dai yoyo yake yi: duk abin da Baba ke ji, ɗakin ma zai ji. Baffa, kai ka bar ɗalibanka ka tare a ɗakin nan, kai ke juya shi, kai ke yi masa alwala. Ba zan saka maka da zuba maka kiɗa a kan karatunka ba. Da rufaffen, shi yana duniyarsa, kai kana taka, kowa ya huta.

Hutu ya ƙi samuwa a wajen aiki, amma ina nan ina nema.

Ɗanka.

*

Zuwa ga ɗana,

Aminci ya tabbata a gare ka. Na karanta takardarka, na kuma gode da tausayin da ke cikinta. Na jinkirta amsa ne domin jikina ya yi nauyi, kuma ban so in yanke hukunci kafin in ga hujja.

Na bi yatsan kamar yadda ka ce. A rok, maganarka ce: da rufaffen yatsan yana dukan katifa da ƙarfi, har kafaɗarsa na motsi, da mai ragar kuwa sai ya yi ta cewa "ƙara". A kantiri ban ga rinjaye ba. A fok da bulus mai ragar ya yi gaba. Akwai wata waƙa ta wani tsoho mai dasasshiyar murya, da aka sa masa ita a mai ragar, yatsan ya daina duka ya koma shafa, kamar yana bin tsirkiya, hawaye na bin gefen kunnensa. Rufaffen kuma yana matsa masa kai, yana tara masa gumi. Wannan shi ne iyakar abin da jahili a wannan fanni zai iya shaida.

Ba zan ɓoye maka ba, kwanakin rufaffen sun yi mini daɗi. Na yi bitar abin da na daɗe ban yi ba, ɗakin tsit. Kwanakin mai ragar kuwa, ina tsakiyar aya sai in ji jita tana zirya a bayan kunnena kamar sauro. Na sha komawa farkon shafi.

Sai abin da ya faru ranar Talata da hantsi. Yana sanye da rufaffen, Innarka ta fita sayen magani, ni ina kan darduma. Ya sarƙe da miyau, idanunsa suka juye, numfashi ya ɗauke. Na kira sunansa, bai ji ba. Na ɗaga murya da kalmar shahada har sau ban san adadi ba, ina neman sandata, ina ja da gwiwa, shi kuwa ganguna ne a kunnensa. Kafin in isa gadon tari ya kuɓuce masa, numfashi ya dawo. Na zauna a ƙasa.

Ɗana, na tsaya a kan mutane da yawa a lokacin fitar rai, waɗanda ban haɗa komai da su ba, na laƙƙana musu kalma a hankali har suka cika. Wannan kuwa cikinmu ɗaya. Da ya tafi ranar nan, da ya tafi ina tsawon ɗaki da shi, ina faɗa, ba ya ji.

Bayan la'asar na ɗora masa hedifon ɗin biyu a ƙirji, na kira shi da laƙabinsa na ce, "Injiniya, zaɓi." Ya dubi littattafaina, ya dube ni, ya ɗora yatsa a kan rufaffen. Na ce, "Don kanka ko don ni?" Ya kau da kai wajen bango. Innarka ta ce, "Ka ji shi, yau shi ke jin kunyarka, bayan ya gama cika maka kunne tun kuna da gashi." Na ce masa, "To ba ka isa ba. Ni ne yaya, kuma ban sauka ba tukuna." Rabin bakinsa mai motsi ya yi dariya.

Saboda haka na ba direban da ya kawo su rufaffen ya mayar maka. Mai ragar ya zauna. Na gwada shi yadda ya dace da buƙatata: na sa an kunna masa rok, na koma darduma, na ce a muryar da nake karatu da ita, "Injiniya, kana jina?" Ya ce, "Yaya." Wannan ya ishe ni. Abin da ke yoyowa kunnena ba da nufina ba, ina fatan Allah ba zai kama ni da shi ba, kuma idan da laifi, na ɗauka.

Ka ƙara matsa wa mai shagonku a kan hutun. Ba ina tsoratar da kai ba ne, amma abincinsa ya ragu ƙwarai.

Allah ya kiyaye ka. Wassalam.

Baffanka.

*

Baffa,

Na karɓi rufaffen. Ban iya mayar da shi kan kanta ba, yana cikin jakata. Na yi shekaru ina sayar da waɗannan abubuwa, ina gaya wa mutane yoyo shi ne aibin mai raga.

An ba ni hutu ƙarshen wata. A gaya wa Baba ina tafe da sababbin waƙoƙi, ya jira ni.

Ɗanka.

*

Ɗana,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Innarka ta sanar da kai ta waya, amma ka tambaye ta yadda ya cika, ba ta iya ba, domin ba ta ɗakin.

Bayan azahar ne. Yana sanye da mai ragar, waƙar tsohon nan ce, ina jinta sama-sama daga darduma. Na ji numfashinsa ya sauya. Na san gwiwoyina, ban tsaya neman sanda ba. Daga inda nake na ce la'ilaha illallahu, a hankali, na maimaita.

Yatsan yana shafa katifa. Ya tsaya. Sai ya miƙe sama, shi kaɗai. Na hagu ne, shi Allah ya bar masa.

Ban faɗi abin da ya wuce abin da na gani ba. Da na isa gadon ya riga ya tafi, waƙar ba ta ƙare ba, kuma ban san inda ake kashewa ba. Na rufe masa idanu, na zauna har ta ƙare.

Ka taho a hankali. Allah ya jiƙansa, ya ba mu haƙuri.

Baffanka.