Kwabon da Kika Ɗaura Mini a Cibiya

Zuwa ga mahaifiyata,

Bayan gaisuwa mai yawa cikin ladabi da biyayya, ina fata kina cikin hutawar da aka yi mana alkawari. Ni ma ina nan lafiya a Mubi, a gidan ƙanwarki Anti Saratu. Na shiga aji biyar na sakandare. Baba yana Yola wajen aikinsa, sai Kirsimeti muke ganinsa.

Dalilin rubuto miki wannan wasiƙa shi ne in sanar da ke na je ƙauyenmu Vimtim na yi tono a ƙofar ɗakinki. Ban gaya wa Baba ba. A makaranta ma ba ni da wadda zan gaya wa, shi ya sa na ɗauko biro.

Bari in fara da laifina. Ranar da aka raba kayanki, shekara biyu ke nan, ina zaune a gindin rumbu ina kallo. Zanenki na zumuntar mata ya tafi wajen Anti Saratu, tukwane suka tafi wajen matar Baffa Iliya, littafin waƙoƙinki ban ma san wanda ya ɗauka ba. Wata tsohuwa ta juyo ta ce, "Ke Rahila, ba kya son komai?" Ido ya yi mini yawa, sai na girgiza kai. Na dawo Mubi da jakar makarantata kawai. Kin sha ce mini, "Wannan kunyar taki, wata rana za ki kwana da yunwa a gidan biki." Abin da ta hana ni ya fi abinci, Mama.

Daminar bara ɗakinki ya rushe. Bana Baffa Iliya ya aiko cewa zai baje wurin ya haɗa shi da gonar masara. Da na ji, abin da ya faɗo mini a rai shi ne kwabon.

Kin tuna labarin da kike ba ni idan kina yi mini kitson zare? Kin ce an haife ni da cibi kamar ƙwan zabuwa. Kaka ta ba ki tsohon kwabo mai huji na zamanin Turawa, kika zura masa zare kika ɗaura mini a ciki har cibiyar ta koma. Kin ce irin wannan kwabon ba a kashe shi, ba a kuma ɗaura wa wani yaro, don haka kika binne shi a bakin ƙofar ɗaki. "Kullum kina taka shi ba ki sani ba, Mai Cibi." A ajinmu malamar kiwon lafiya ta ce wannan camfi ne, cibi da kansa yake komawa. Kowa ya yi dariya. Na rubuta abin da ta ce saboda jarrabawa, amma ban yi dariya ba.

Kin san sikanar da ake caje mutane da ita a ƙofar coci, wadda take kuka idan ta ji ƙarfe. Har yanzu Baba Bitrus mai gadi ne yake riƙe da ita. Lahadi uku ina tsayawa kusa da shi bayan sujada, in gaishe shi, in wuce. A ta huɗu shi ne ya ce, "Yarinya, gaisuwan nan naki yana da wutsiya. Faɗi." Na faɗa ina kallon takalmina. Ya je ya yi magana da fasto, ya dawo ya ce, "Ranar Asabar ki zo da safe. Amma ki sani, abin nan bai san kwabo ba, bai san ƙusa ba, kowa ɓarawo ne a wurinsa. Kafin yamma ya dawo hannuna."

Na hau mashin na tafi. Da ƙyar na gane wurin, Mama. Tarin ƙasa ne da ciyawa. Dutsen da kike zama a kai kina tsince wake, shi ya nuna mini inda ƙofa take. Sikanar ba ta jin abin da ya yi nisa a ƙasa, sai da na kwashe ƙasar bangon da fartanya, sannan na durƙusa ina jan ta a hankali. Ta yi kuka, na tona, ƙusa. Ta sake kuka, marfin kwalba. Guntun cokali, waya, wata ƙusar. Baffa Iliya ya zo wucewa ya tsaya yana dariya. "Zinariya uwarki ta bari ba mu sani ba? In kin samu, rabona na nan." Na ce to.

Kafin rana ta karkata na samu abubuwa huɗu masu zagaye. Ƙasa da tsatsa sun lulluɓe su, baƙi da kore, kamar ƙuli-ƙulin da ya kwana biyu. Ba rubutu, ba huji, ba abin da zai nuna wanne ne wanne. Na ƙulle su a hankici, na mayar da sikanar kan lokaci. Ranar Litinin garmar shanu ta bi ta kan ɗakinki. Ke nan in babu shi cikin huɗun nan, babu inda zan koma.

Na farkon na yi masa gaggawa. An koya mana cewa tsami yana cin tsatsa, sai na matse lemon tsami, na zuba gishiri, na ɗauko soson waya na wanke tukunya. Na dirje shi har yatsuna suka yi zafi. Ya fito ja yana walƙiya, amma fuskarsa ta tafi gaba ɗaya, sai ƙananan ramuka. Anti Saratu ta ɗaga shi ta ce, "Kin wanke shi har ya manta sunansa." Ba shi da huji, ba naki ba ne. Duk da haka na zauna a bakin rijiya ina jujjuya shi. Da shi ne fa?

Daga nan na daina sauri. Na sa sauran ukun a gwangwanin madara da ruwa zalla, na ɓoye a bayan randa. Kowace safiya kafin in tafi makaranta nakan canza ruwan. In na dawo, in ɗauki tsinken tsintsiya in cire abin da ya yi laushi, in shafa da tsohon buroshi, in mayar. Na biyun ya fito kwabo hamsin. Na ukun kwabo goma. Wataƙila daga bakin zanenki suka faɗi ranar kasuwa, wataƙila daga aljihun wani baƙo. Na ajiye su, amma ba su ce mini komai ba.

Na huɗun ya yi kwana tara a ruwa ban taɓa shi ba. Ina canza masa ruwa ina kau da kai. Muddin ban buɗe shi ba, yana iya zama naki. Wani lokaci in na dawo makaranta gidan ya cika da hayaniya, babu wanda ya lura na shigo, sai in je bayan randa in tsuguna in leƙa gwangwanin. Kada ki yi mini dariya, har sannu nake ce masa.

Jiya Asabar su Anti suka tafi biki Bahuli, aka bar ni da gida. Bayan na gama wanki na fito da shi ƙarƙashin dalbejiya. Na ɗora bakin tsinke a tsakiyarsa na danna kaɗan. Ƙasar ta yi laushi. Na sake dannawa, sai tsinken ya fita ta ɗaya gefen. Na ɗaga shi sama, na ga rana ta cikinsa.

A gefen hujin akwai wani abu da ya ƙi fita. Na zaci saiwar ciyawa ce, har na kama zan ja. Allah ya sa na duba. Zaren kitso ne, baƙi, tsawonsa bai kai farce ba, kuma da ƙulli a jikinsa. Ƙullinki ne, Mama. Naɗi biyu, sannan bakin zaren ya bi ta ƙasa. Shi kike yi mini a ƙarshen kowane kitso, wanda ba ya kuncewa sai da reza. Idan na ce da zafi, sai ki ce, "Tsaya mana. In ya kunce kafin wata, ki canza uwa." Ashe da reza kika yanke shi daga cikina, kika bar ƙullin a jikin kwabon. Shekara goma sha shida yana ƙasa bai kunce ba.

A nan na tsaya. Rabin kwabon har yanzu baƙi ne, ɗan gefen tauraron da ke jikinsa kawai ake gani. Koren tsatsar nan ita ta riƙe zaren, in na cire ta zai fita. Da su Anti suka dawo na nuna mata, ta ce, "To kawo soso mu ƙarasa shi ya yi kyau." Na ce a'a. Da ƙarfi na faɗa, har ta juyo ta dube ni. Da ta kai shi kusa da ido ta ga ƙullin, sai ta ajiye mini shi a tafin hannu, ta shiga ɗaki.

Yanzu aski nake yi, babu mai yi mini kitso. Kwabon yana cikin hankici a akwatin kayan lissafina, gobe tare za mu tafi makaranta. In aka sake tambayata ko ina son wani abu naki, zan buɗe baki. Amma wannan ma ya ishe ni.

Allah ya ba ki hutawa a wurinsa. Ya saka wa hannuwanki da alheri. Ya riƙe ni yadda kika riƙe ni, har ranar da zan sake zama a gabanki in ba ki kaina. Amin.

Ban canza uwa ba.

Taki har kullum,
Rahila, Mai Cibi