Albasar da ke Ƙofata

Daga Agra zuwa Lahor.

Ammi, ina gaishe ki da girmamawa. Yaya ƙafarki? Yaya ɗan'uwana Faridun da amaryarsa? Ni da maigidana lafiya lau muke, kada labarin annoba da matafiya ke kawowa ya hana ki barci. Annobar ta fi ƙarfi a unguwar marina, ko da yake mu ma kusan can muke.

Garin ya cika da masu magani. Wani na ɗaura ɗanyen tantabara a kan kumburin hammata, wani na turara ganyen darbejiya har liman ya kasa kiran salla don tari. Ni kuwa, da duk littattafan likitancin da Abba ya karantar da ni, na rataya albasa a ƙofa kamar yadda kika umarta, don kawai in ce miki na yi.

Maƙwabciyata Gulrang ta riga ta ɗaure kaya za ta kai 'ya'yanta ƙauye. Da ta ga albasar sai ta kwance kayan. Ta ce, "Yaya Fahmida, ke da kika haddace littattafai kin rataya, mu jahilai ina za mu gudu?" Dariya na yi, na ɓoye mata cewa don ke kawai na rataya ta.

Jiya autarta Nargis ta kwanta da zazzaɓi.

Ki aiko min da ruwan wardi idan an samu mai zuwa, ki kuma sa yarinyar a addu'a kafin ni. Albasar ta fara ruɓewa, amma ban sauke ta ba. Kullum Gulrang tana leƙowa ta ga ko tana nan.

'Yarki,
Fahmida