Ke Kika Faɗa Mata, Hajiya?

Zuwa ga Hajiya Saratu, uwar 'ya'yana, a makwancinki na gaskiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan rahamar Ubangiji tana tare da ke, ina sanar da ke gida lafiya, yara lafiya, akuyar nan taki mai cin igiya ma tana nan da halinta. Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kike. Amma shekara uku ke nan ban sami wanda zan kai wa ƙara ba, shi ya sa na rubuta a nan inda jama'a za su leƙa. Su leƙa ɗin. Ƙararki na kawo, kuma wurinki na kawo ta.

Maganar autarki ce, Ummi. Kin bar ta tana aikin nan da har yau na kasa yi wa 'yan majalisarmu bayaninsa, wato rubuta takardar da ake sakawa cikin kwalin kaya, wadda mai ƙosai kaɗai ya san darajarta. To bara sai ta zo mini da wai ta shiga ƙungiyar masu irin wannan rubutu, a nan cikin Sakkwato. Kowace Asabar ta saɓi jaka ta fice. Wai aikin sa kai ne, ko ruwan leda ba a ba su.

Hajiya, kin san ni. Na tsufa cikin albasa, noma da sayarwa. Duk wanda ya ce mini kyauta yake aiki, ƙasan buhunsa nake fara dubawa. Da farko na ce 'yan siyasa ne ke tara yara kafin zaɓe. Na koma na ce 'yan damfarar waya ne. Daga baya na lura ba ta buɗe baki sai ta ce Malam Bello ya ce, Malam Bello ya gyara. Nan na ce yauwa, ga ruɓaɓɓiyar albasar. Har na ƙera shi a raina, saurayi mai ƙamshin turare da takalmi mai tsini. Na ƙudurta zan je in gani da idona, in dawo in soke wannan Asabar ɗin.

Kafin in ci gaba, bari in faɗi abin da ke kaɗai kika sani, ko in ce abin da nake zaton ke kaɗai kika sani. Aji huɗu na tsaya a firamare, ranar da Baba ya ga hannuna ya fi amfani a fadama. Ajami ina yi da gudu, allon shago ina karantawa. Amma ƙananan baƙaƙen boko masu cunkoso kamar tururuwa, kafin in kai ƙarshen layi farkonsa ya tsere mini. Ke kika rufa mini asiri tun muna ango da amarya. Takarda ta zo daga makarantar yara, in shafa aljihu in ce na manta tabarau, ke kuma ki miƙo hannu ki ce, “Kawo in karanta da ƙarfi, ni in ban ji muryata ba ba na ganewa.” Ni ko in yi ta gyaɗa kai kamar alƙali. Haka yara suka tashi suna ganin ubansu malami ne, idonsa ne kawai ba shi da kirki.

To ranar Asabar ɗin na yi shiri irin na ɗan leƙen asiri. Na sa hular da ban taɓa sawa ba, na zaro tabaran nan da ke cikin durowa tun zuwanmu asibitin ido, na ƙwama a hanci don kada a gane ni. Ki riƙe maganar tabaran nan, za mu dawo kanta.

Na hau kabu-kabu daga Ƙofar Taramniya, na bi ta nesa-nesa har wata firamare wajen Ƙofar Dundaye da suke aron aji. Na laɓe a taga. Hajiya, manyan mutane ne zaune kan bencin yara, gwiwa na taɓa haɓa, suna gardama kan inda ya kamata kibiya ta kalla a wani zane. Malam Bello kuwa, abin kunya, tsoho ne tukuf mai farin gemu, wanda ya yi ritaya daga gyaran injuna a kamfanin siminti na Kalambaina, kunnensa ɗaya ma ya tafi tare da ƙarar injin. Ban saki zargina ba dai. Na ce tsofaffin ma ai ba a shaidarsu.

Ashe suna da wata al'ada. Duk takardar da ɗayansu ya rubuta, ba a buga ta sai an kira wani daga waje, a ba shi kayan da takardar, ya bi ta ya haɗa. Yana yi ba mai cewa uffan, ko da zai sa kai a ƙafa. In ya kasa, ba shi ya kasa ba, takarda ce ta faɗi. Wadda ta faɗi sau biyu kuwa, a karɓe ta daga hannun mai ita a ba wani.

Ranar takardar Ummi ce, ta injin feshi na goyo, wadda za a raba wa manoma kafin noman rani. Wata uku tana bin fadama tana tambayar mutane. Takardar ta taɓa faɗuwa sau ɗaya. Manomin da suka gayyata bai zo ba, Malam Bello ya ɗaga kai ya hango wani mai kama da manomi a taga, ya yafito ni da girmamawa.

Da na shiga, Ummi ta dube ni sau ɗaya ta sunkuyar da kai. Hular ba ta yi aikin komai ba. Aka miƙo mini takarda, hannuna ya tafi aljihu da kansa, bakina ya buɗe zai ce na manta tabarau. Ga shi kuwa zaune daram a kan hancina. Uzurin da na yi shekara talatin ina kiwo, ni da kaina na yanka shi.

Na riƙe takarda ina motsa leɓe. Su a ganinsu karatu nake, ni kuwa addu'ar neman tsari nake ja. Na ce injin feshi dai ai tare muka girma. Na haɗa shi tsaf da sanin hannu, sai wani ɗan zoben roba ya rage, irin wanda injunan zamaninmu ba su da shi. Na faki ido na jefa shi aljihu kamar goro. Aka zuba ruwan rijiya, na goya, na danna hannun sau uku cikin isa. Ruwa ya ɓalle ta murfi, ya bi ƙeyata, ya ratsa gadon baya, ya sauka har cikin wando.

Da sun yi dariya da na ji sauƙi. Ba wanda ya yi. Rubutu kawai suke yi.

Malam Bello ya ce takarda ta faɗi karo na biyu, za a miƙa wa wani. Ummi ta tashi ta ce ta amince, muryarta irin taki ce sak in kina haɗiye abu. Ta tattara takardunta za ta kai gaba. Ni kuwa ina tsaye ina ɗiga, na san sarai maganar zoben nan tana cikin takardar, ni ne ban kai gare ta ba. In na yi shiru in fita da mutuncina, jiƙaƙƙe dai amma nawa. In na yi magana, ɗiyata ta ji a gaban abokan aikinta cewa ubanta alƙalin ƙarya ne.

Na zaro zoben na ajiye kan tebur. Na ce ban karanta ko layi ɗaya ba, ba kuma laifin tabarau ba ne, aji huɗu na tsaya. Sai da na maimaita da ƙarfi saboda kunnen Malam Bello. Asirin shekara talatin, Hajiya, sau biyu na tona shi cikin minti ɗaya.

Tsohon ya daɗe yana juya zoben. Sannan ya ce har yanzu mai gwaji ba shi da laifi, laifin nasu ne su duka, da suke ta gwada takardun manoma a kan waɗanda suka gama sakandare. Ya bar wa Ummi aikinta, ta sake shi da manyan baƙaƙe da zane, da ajami a baya. Ni kuma wai in riƙa zuwa duk Asabar, ba su taɓa samun mai gwaji kamata ba. Har yau ban gane yabo ne ko zagi ba.

Kuma ban daina zargi ba. Me ya hana manomin nan zuwa sai ranar? Wa ya bar taga a buɗe? Amma babban zargina a kanki yake. Da na yi wannan tonon silili kowa ya ɗago kai, ban da Ummi. Ko gira ba ta ɗaga ba.

Bayan sati biyu, da la'asar, ta kawo sabuwar takardar ta zauna kan tabarmarki. Hannuna ya sake tafiya aljihu, kin san hali. Sai ta miƙo hannu ta ce, “Baba, kawo in karanta da ƙarfi, ni in ban ji muryata ba ba na ganewa.” Har ɗan tsayawar da kike yi a tsakiya ta yi.

Ke kika faɗa mata, Hajiya? Ko tun tana rarrafe ta gane, ita da yayyenta, kuka haɗa baki gida guda kuna kallona ina gyaɗa kai? Na so in ji haushi, na neme shi ban samu ba. Abin da na samu sai da na juya mata baya na goge tabarau.

Na ce mata a'a, ta bar mini. Na karanta da kaina, ina tuntuɓe ina tashi, har aka kusa kiran magariba. Ba ta taimake ni da ko harafi ɗaya ba, dokar ƙungiya ce. A layi na uku na ci karo da zoben roba, ga zanensa ƙato kamar awarwaronki. Wasiƙar nan ma da yatsana na danna ta a waya, kwana tara, ban ba kowa ya duba ba.

Allah Ya jiƙan ki, Saratu, Ya haskaka kabarinki, Ya rufa miki asiri ranar tsayuwa kamar yadda kika rufa mini a gaban 'ya'yana. Ya shirya mana zuriya, Ya sada mu a Aljanna. In mun haɗu dai sai kin ba ni amsa.

Mijinki,
Garba mai albasa, ɗan aji huɗu, mai gwajin ranar Asabar.